Zare: Tattabarar Yuro miliyan 1.6 da wadda kakana ya sayar sau uku a kasuwar Dambatta

1/ Jama'a ku matso kusa, yau tarihin tattabara za mu yi. Eh, tattabara dai, wadda kuke kora daga shanyar gero. A watan Nuwamba 2020 an yi gwanjon wata guda ɗaya tak a ƙasar Beljiyam, aka saye ta Yuro miliyan 1.6. A canjin yanzu ya haura naira biliyan 2. Zaren da tsawo, ku nemi wurin zama 🧵

2/ Abin da ya tayar da maganar: ƙanena ne ya zo min da hoto a waya, wai wani a intanet zai sayar masa da "tattabarun tsere 'yan ƙasar waje". Kuɗin guda biyu ya kusa na tunkiya. Kuma kuɗin cin raninsa ne, wata huɗu yana tura baro a birni. Na ce masa dakata, bari in ba ka labari tukuna. Shi ne na ce ku ma ku ji.

3/ Daga gida zan fara. Ƙauyenmu yana arewacin Kano, tsakanin Dambatta da Makoda. Duk wanda ya san yankin nan, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Kunchi, Tsanyawa, ya san abu ɗaya: babu daji. Gona ce ta haɗu da gona, gida na hango gida, sai gawo da ɗorawa da kuka a tsakanin kunya.

4/ Wannan cikar ba yau ta fara ba. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a ABU Zariya da BUK, ya fitar da nazari a kan karkarar Kano a 1965 shi da abokin aikinsa. Sun tarar sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta duk shekara, ba a barin ta ta huta.

5/ To gonar da ba ta hutawa, me ke riƙe ta? Taki. Shi ya sa a da za ka ga jakuna sun shiga birni da itace, sun fito da mangala cike da takin bola. Kashin awaki, na tumaki, toka, sharar gida, ba abin da ake zubarwa. A irin wannan wurin ne tattabara ta samu gindin zama.

6/ Ku duba lissafin. Saniya tana son makiyaya, mu kuwa ba mu da ita. Akuya da damina sai an ɗaure ta an yi mata ciyawa. Ita tattabara fa? Ba ta cin ko taku ɗaya na gona. Gidanta yana sama, a kan katanga ko soro. Da safe ta fita ta yi kalar abin da ya zube a gonaki da masussuka, da yamma ta dawo ta ajiye maka taki a ƙofar ɗakinta.

7/ Kakana, Allah Ya jiƙansa, tsofaffin tuluna da tukwanen da suka tsage yake jerawa a kan katangar bayan rumbu, ya liƙe su da laka, bakinsu na kallon cikin gida saboda iska da shaho. Kowace tukunya miji da mata. A ƙasa akwai kasko na ruwa, lokaci-lokaci ya jefa 'yar kanwa a ciki. Ya ce ita ke sa su zama.

8/ Kashinsu kuwa ba ya haɗa shi da sauran taki. Buhunsa daban, a rataye a zaure. Na lambu ne, albasa da barkono, kuma da ɗan kaɗan ake barbaɗawa don yana da zafi, in ya yi yawa ya ƙone shuka. Masu lambun fadama har gida suke zuwa saye. Yau da buhun takin zamani ya gagari talaka, sai nake tuna wannan buhun.

9/ Kada ku ɗauka ƙaramin kiwo ne. A ƙidayar dabbobin Najeriya da aka gudanar a 1990, rahoton ya fito a 1992, an ƙiyasta tattabarun gida sun kai wajen miliyan 15. Sun fi agwagi yawa, sun ninka zabi sau uku. Amma ka taɓa jin an kira taro a kan tattabara? Kaza ce 'yar gata.

10/ Ga yadda take haihuwa, don masu son farawa. Ƙwai biyu take yi. Kwanci kwana 17 zuwa 18, kuma karɓa-karɓa ake: namiji ya hau da hantsi zuwa la'asar, mace ta kwana a kai. In sun ƙyanƙyashe, uwa da uba duk suna fitar da wani abu mai kauri kamar kindirmo daga maƙogwaro su yi wa 'ya'yan ɗura. Uban ma yana shayarwa, ku ji fa.

11/ Sati huɗu ɗan shila ya isa yanka. Wanda ya taɓa shan farfesun 'yan shila bayan ya tashi daga zazzaɓi ya san zancen. A gidanmu mai jego da maras lafiya da baƙo na musamman ake yanka wa. Yaro kuma da tattabara yake fara sanin dukiya: biyu su zama goma, goma su zama akuya.

12/ Yanzu labarin da na yi alkawari. Akwai wani baƙin namiji mai farin fiffike a cikin na kakana. Wata Lahadi ya kai shi kasuwar Dambatta tare da wasu, wani mutum daga wajen Kazaure ya saya. Ranar Talata da hantsi muna zaune sai ga shi a kan tulunsa yana kumbura wuya, kamar ba abin da ya faru.

13/ Kakana ya ce wannan ba namu ba ne yanzu, an biya. Lahadi ta zagayo ya sa shi a kwando ya mayar. Mai shi ya ce zai ɗaure masa fiffike har ya saba. Ya ɗaure, ya ba shi mata, ya yi wata guda. Ranar da aka kwance shi, ranar ya kwana a gidanmu.

14/ A karo na uku mutumin ya sayar wa wani, wancan ma ya gudo masa. Ƙarshe kakana ya ciro kuɗin ya bi sawu ya mayar, ya ce ba zai ci kuɗin tsuntsun da bai yarda an sayar da shi ba. Tun daga nan muka sa masa suna Ɗan Gida. Mu dariya muka ɗauke shi. Ashe abin da ke cikin kan Ɗan Gida shi ne sarakuna suka gina daula a kai.

15/ Mu koma baya. Duk tattabarun gida na duniya, mai wutsiya kamar mafici, mai gashi a ƙafa, mai kumburin wuya, da tamu ta tulu, asalinsu ɗaya ne: wata tattabarar duwatsu mai ruwan toka. An fi shekara 5,000 ana kiwonta, tun daga ƙasashen Iraƙi da Masar na dā. Hasbiya da kurciya dangi ne, amma jinsinsu daban.

16/ Da ma can a kogon dutse take sheƙa, ta fita nesa neman abinci ta komo. Shi ya sa tulu ya yi mata daidai, kogo ne ƙarami. Kuma shi ya sa take da wannan naci na komawa gida. Mutum bai koya mata ba. Abin da ya yi kawai, ya lura, ya riƙa zaɓen waɗanda suka fi naci yana haɗa su aure.

17/ Abu ɗaya da mutane ke kuskure: tattabara ba ta kai saƙo inda ka aike ta. Gida kawai take komawa. In kana so labari ya zo maka daga Katsina, sai ka ɗauki tattabarar gidanka ka kai ta Katsina a kwando. Ranar da labari ya samu, a ɗaura mata takarda a sake ta. Hanya ɗaya ce. Ku riƙe wannan, duk sauran tarihin a kansa yake.

18/ A Basra da Bagadaza zamanin Abbasiyawa abin ya zama sana'a sosai. Al-Jahiz, wanda ya rasu wajen 868, ya ba tattabara babban fili a littafinsa Kitabul Hayawan. Ya nuna masu kiwo suna riƙe nasabar tsuntsayensu kamar yadda ake riƙe ta dawakai, kuma ana iya sayen guda ɗaya dinari 500. Wato haukan farashin nan ya fi shekara dubu.

19/ Wanda ya mayar da ita aikin gwamnati sosai shi ne Nuruddin Zangi, sarkin Sham, maigidan Salahuddin al-Ayyubi. Wajen 1171, yana fama da mayaƙan Turai da suka kafa dauloli a gaɓar teku, ƙasarsa ta yi faɗi, kafin mai doki ya kawo labari an riga an ci gari. Sai ya sa aka kafa ɗakunan tattabaru a garuruwansa, da ma'aikata masu albashi.

20/ Mamalik na Masar suka gāji tsarin suka ƙawata shi, musamman Sultan Baibars, 1260 zuwa 1277. Hasumiya bayan hasumiya daga Alƙahira zuwa Dimashƙu har bakin kogin Furat. Tsuntsu ya sauka a zango, a cire takardar a ɗaura wa na gaba. Masanin tarihi al-Maƙrizi ya kawo cewa a 1288 akwai tattabaru 1,900 a ɗakunan Alƙahira kaɗai.

21/ Takardar siririya ce ƙwarai, rubutun a taƙaice, ba dogayen gaisuwa. Saƙo mai muhimmanci a kan tsuntsu biyu ake aika shi, ko shaho zai ɗauke ɗaya. Kuma in ta sauka a fada, sarki ake kai wa ya cire da hannunsa. Yana cin abinci ya tsame hannu, yana barci a tashe shi.

22/ Mutanenmu ba su yi nisa da wannan duniyar ba. Ɗaliban Kanem suna da makaranta da masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13. Mansa Musa ya ratsa birnin a 1324, lokacin hasumiyoyin suna aiki. Kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, shi ma yana da ɗan littafi sukutum a kan tattabara. Ya rasu 1505.

23/ Amma a ƙasar Hausa saƙon sarauta a kan doki da ƙafar manzo ya yi ta tafiya. Tattabara ta tsaya a matsayin nama, taki da jarin yara. A ganina akwai hannun karatunmu a ciki. Muhtasar na Khalil, da malamanmu ke karantarwa a zaure, ya sa wasa da tattabara cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida.

24/ Ku lura, wasa aka ce, ba kiwo ba. Abin da malamai suka ƙi shi ne babban mutum ya wuni a kan soro yana kaɗa tsuntsaye, yana leƙa gidajen maƙwabta, yana caca a kai, yana janye na mutane. Shi ya sa har yau a ƙauye dattijo zai yi kiwonsu ba wanda ya ce uffan, amma a ga mai iyali yana bin su da gudu, sai a fara ƙus-ƙus.

25/ A wasu ƙasashen kuwa sarakuna ne da kansu 'yan tattabara. Akbar na Indiya, 1556 zuwa 1605, an rubuta yana da sama da 20,000 a fadarsa. A Isfahan ta Iran an gina dubban hasumiyoyi ba don nama ba, don kashin kawai, a zuba wa kankana. A Fas ta Maroko har gobe majema da kashin tattabara suke tausasa fata. Kakana bai je ko'ina ba, amma ajinsu ɗaya.

26/ Mu tsallaka Turai. Kun san Reuters, kamfanin dillancin labarai da BBC Hausa ke ambata kullum? Da tattabara ya fara. A 1850 wayar tangaraho ba ta haɗe tsakanin Brussels da garin Aachen na Jamus ba, akwai giɓin kilomita kusan 120. Paul Julius Reuter ya samo tattabaru 45 suna kawo masa farashin hannun jari, suna riga jirgin ƙasa da sa'o'i.

27/ Wajen shekara guda ya yi yana cin wannan kasuwa, aka ja waya aka toshe giɓin, ya tattara ya koma Landan a 1851. Darasin kasuwanci kenan ga masu sayar da data 😅

28/ Sai 1870. Sojojin Jamus suka yi wa birnin Faris ƙawanya daga Satumba har Janairun 1871, suka yanke waya. Mutanen birni suka riƙa fitar da tattabarunsu a cikin balan-balan mai ɗaukar mutane, ta sama da kan abokan gaba. A can waje a ɗauki hoton wasiƙu a ƙanƙance su, dubbai a kan 'yar fata da ba ta kai tafin hannun jariri ba, a sa a bututun gashin tsuntsu a ɗaura a wutsiya.

29/ Cikin sama da 300 da aka sako, wajen 60 ne suka iso. Sanyi, harsashi, shaho. Amma da yake ana maimaita saƙo a kan tsuntsaye da yawa, dubban wasiƙu sun shiga. A haska su a bango da fitila, magatakarda su kwafe, a raba gida-gida.

30/ Yaƙin Duniya na Ɗaya, Oktoba 1918, dajin Argonne a Faransa. Wata bataliyar Amurka ta maƙale a bayan Jamusawa, kuma manyan bindigogin 'yan uwansu na zuba musu wuta bisa kuskure. Yadda sojojin ke ba da labarin, tsuntsu na ƙarshe da ya rage musu, Cher Ami, an harbe shi a ƙirji, ƙafa na reto, ya kai takardar. Mutum 194 suka fita. Gawarsa na gidan tarihi a Washington.

31/ A Yaƙi na Biyu, lokacin da kakanninmu ke dajin Bama, Ingila kaɗai ta yi aiki da tattabaru wajen 250,000. Ranar 18 ga Oktoba 1943 wani mai suna G.I. Joe ya yi kilomita 32 cikin minti 20, ya hana jirage jefa bam a wani ƙauyen Italiya da sojojin Ingila suka riga suka shiga. Lambar yabon dabbobi ta Dickin, tattabaru 32 ne suka samu.

32/ To ina tsere ya shigo? Beljiyam. A garuruwan Liège da Antwerp, farkon ƙarni na 19, aka yi ta haɗa iri daban-daban har aka fitar da tattabarar tsere ta yau: faffaɗan ƙirji, fiffike mai ƙarfi, kai mai naci. An yi doguwar gasa a 1818, a 1823 kuma aka sako su daga Landan zuwa Antwerp, suka ƙetare teku.

33/ Kuma ba wasan masu kuɗi ba ne a lokacin. Wasan leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. Mutum ya wuni a ƙarƙashin ƙasa, ranar Lahadi ya zauna a bayan gida yana kallon sama. Ana ce mata dokin talaka. Bayan Yaƙi na Biyu masu kiwo a Beljiyam sun kai 250,000. A 2020 ba su wuce 18,000 ba, yawanci tsofaffi.

34/ Yadda gasar take, don nan ne ƙanena ya fara zare ido. Ba layi ɗaya ake zuwa ba, kowace gidan ubangidanta take komawa. Ana tara na kowa a mota, a kai su wuri ɗaya, a buɗe lokaci guda. An riga an auna nisan kowane gida daga wurin. Sai a raba nisa da lokaci, a fitar da mita nawa ta yi a minti. Mai gudu ta ci, ko da wata ta riga ta sauka.

35/ Ɗan shila yana da kamar sati ɗaya ake zura masa zobe a ƙafa, mai lamba da shekara da ƙasa. In ƙafar ta girma zoben ba ya fita, ba ya shiga. Shi ne katin shaidarsa har mutuwa. A da zoben roba ake cirewa a jefa cikin wani agogo na musamman, yanzu na'ura ce a bakin ƙofa take karanta shi da ta taka.

36/ Horo kuwa haƙuri ne zalla. Da farko su san ɗakinsu da sararin samansa. A saba musu da kira ko kaɗa gwangwanin hatsi, kuma sai sun shigo ake ba su abinci, don tsuntsun da ya iso ya zauna a kan rufi yana gyaran gashi ya zubar da gasar. Sannan a fara ɗaukarsu a kwando: kilomita 2, 5, 10, 20, 50, ana ƙarawa sannu-sannu.

37/ A rana mai kyau suna yin kilomita 70 zuwa 80 a awa, in iska na bayansu su haura 100. Gasar da ta fi suna ita ce ta Barcelona. Ba ƙwallo ba, 'yan Barça ku zauna 😂 Daga can ake sako su zuwa Beljiyam da Holan, sama da kilomita 1,000. Ya fi nisan Kano zuwa Legas a miƙe.

38/ Akwai wata dabara da 'yan Beljiyam suka ƙirƙiro mai kama da mugunta. A raba miji da matarsa duk mako. Daf da za a sa shi a kwando a nuna masa ita na ɗan lokaci, a ɗauke shi. Ya san in ya dawo tana nan tana jira. Wallahi da na karanta sai na tuna Ɗan Gida: an ba shi sabuwar mata a Kazaure, amma tsohuwar tana cikin tulunmu.

39/ Ta yaya take gane hanya? Masana sun fi shekara 70 suna kai ruwa rana. Bajamushe Gustav Kramer ya nuna tsuntsaye na amfani da rana wajen gane gabas da yamma. A 1971 William Keeton a Amurka ya ɗaura wa tattabaru maganaɗisu, ranar da hadari ya rufe rana sai suka rikice. A Italiya Floriano Papi ya toshe musu jin ƙamshi, suka kasa gane gida daga baƙon wuri.

40/ Na fi son na jami'ar Oxford a 2004. Sun liƙa musu na'urar bin sawu, sai ga tattabaru suna bin titin mota a yankin da suka sani, har suna karya kwana a mahaɗa. Wato Ɗan Gida mai yiwuwa titin Kazaure zuwa Dambatta ya biyo, kamar kowace motar haya.

41/ Mu dawo kan gwanjon. Sunanta New Kim, mace, shekara biyu, daga gidan wani dattijo a kusa da Antwerp. An buɗe farashi a Yuro 200. Attajirai biyu 'yan Chaina suka yi ta ƙure juna har miliyan 1.6. Kafin ita, a Maris 2019, an sayi wani namiji Armando Yuro miliyan 1.25. A Chaina gasar ta zama ta manyan kuɗi da caca, shi ne ya kumbura farashin.

42/ Kuma ba don su yi tsere aka saye su ba. Wa zai saki biliyan biyu a sama shaho na yawo? In ma an sake ta, Beljiyam za ta nufa. Kulle su ake, su yi ta haihuwa. Abin da aka saya shi ne jini, da takardar da ke nuna ta ci gasa kaza cikin tsuntsaye dubu kaza, uwarta wance, ubanta wane.

43/ Nan ne na ce wa ƙanena: nuna min zoben. Babu. Takardar nasaba? Babu. Wace gasa uwarsu ta shiga? Shiru. Da na ƙura wa hoton ido ma, masu gashi a ƙafa ne da wutsiya a baje. Na ado ne. Suna da kyau, suna da kasuwarsu, ban raina ba. Amma ka sake su daga Bichi, sai dai ka je ka ɗauko su a Bichi.

44/ Sannan ko ta gaske ce, da wa za ka yi tseren? Gasa tana son jama'a: mutum goma ko ashirin da suka yarda da juna, mota ɗaya, alƙali ɗaya, agogo ɗaya. Beljiyam ba da tsuntsun miliyan ta fara ba. Leburori ne suka haɗa kai a unguwa da abin da ke bayan gidajensu, suka yi shekara ɗari suna zaɓe.

45/ Wani zai ce to ina tattabarun kakan naka? Abu uku suka cinye su, kuma ina gani. Na farko, wata shekara da shuka, aka zo da irin da aka cuɗa da maganin ƙwari. Suka bi gonaki suka tsince wanda bai rufu ba. Da yamma muka riƙa tsintarsu a ƙarƙashin katanga. Tun daga nan dattawa suka ce a riƙa kulle su sati biyu na shuka, wanda da ma shi ne haƙƙin maƙwabci.

46/ Na biyu ciwo. Da hunturu wani ciwo ya shigo mai murɗe musu wuya, su kasa tsintar hatsi, ga zawo kore. Ɗan uwan wanda ke share kaji ne duk sanyi, kuma akwai rigakafinsa a wurin likitocin dabbobi, mu ne ba mu sani ba. Daga sababbin da aka sayo a kasuwa aka zuba kai tsaye ya shigo. Sai kuma 2006, murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna da Kano, tsoro ya sa mutane da yawa suka yanke nasu.

47/ Na uku shi ne ya fi ban tausayi, don ba wanda ya yi laifi. Katangar ƙasa ta faɗi aka yi ta bulo. Soro ya koma kwano. Tulu ya koma jarka. Tattabara ba ta iya sheƙa a jarka, kwano kuma da rana gasa ƙwai yake. Muka gyara gida, muka kore su ba mu sani ba.

48/ Don haka in za ka fara, ga abin da na gani da idona. Sabon tsuntsu a ware shi sati biyu kafin ya shiga cikin sauran. Ruwa a canza kullum, don a kasko ɗaya ciwon maƙogwaro mai farin ƙulli yake yaɗuwa. Gero da dawa kaɗai ba sa isa mai tashi, a haɗa da wake ko gyaɗa kaɗan, da tsakuwa. Ɗaki ya zama busasshe, sama da inda muzuru da gafiya za su kai.

49/ Kuma ka sayi ƙanana waɗanda ba su taɓa tashi ba. Babba ya riga ya san gidansu. Tambayi mutumin Kazaure.

50/ Ƙanena dai bai tura kuɗin ba. Ya ji haushina kwana biyu. Lahadin da ta biyo muka je Dambatta, ya sayi 'yan shila shida na gida, da canjin ya sayi buhun dusa da 'yar akuya. Inna ta ba mu tsofaffin tuluna uku da ke bayan ɗaki, muka kwaɓa laka muka liƙa su a ragowar tsohuwar katanga. Zobe kuwa, jan zare ya ɗaura wa kowanne.

51/ Wata uku yana fama da gwangwani da kwando a bayan babur. Yaran unguwa biyu sun shigo, su ma sun ɗaura nasu zaren, kore da shuɗi. Shekaranjiya suka kai goma sha ɗaya har kusa da Kazaure, suka sake su bayan sallar asuba, suka kamo hanya a guje. Kafin su iso, Inna ta ce bakwai sun riga sun sha ruwa. Uku suka shigo da azahar.

52/ Saura ɗaya, ta ƙanena ce. Mace, ruwan toka, da ɗigon fari a wuya, jan zare a ƙafar dama. Mutanen Kazaure, Roni, Makoda da kewaye, in ta sauka a gidan wani don Allah a ba ta ruwa da ɗan gero, kada a ɗaure mata fiffike. In ta huta a sake ta da safe.